Saura Awa Sittin da Uku

Daren Juma'a, a Duluth,
ƙanwata Marlene ta yanki tikiti biyu,
ta ce, "Zo ka ga kanka a bango."

Fim ne na wasu ƙarti biyu
da gemu ya riga hankali isowa.
Alƙali ya ce ko kurkuku, ko rainon 'ya'yan mutane,
suka zaɓi yara
kamar mai zaɓen haƙorin da za a fara cire masa.
Baki kamar kwata,
kowace magana daga cibiya take yin ƙasa.
Ɗaya ya koya wa yaro kashe wa mata ido,
ɗaya ya fito daga tanti ba wando,
yaron ya zage shi tas, har da kakarsa,
silima ta kece da dariya,
gugguru daga bakin na bayana ya sauka a wuyana.

Na yi dariya, ban da ƙarya.
Har na ƙware da lemo.
Marlene na zungura ta da gwiwar hannu,
kowane zunguri da ma'anarsa.

Ni ma alƙali ne ya turo ni.
Na bi ta kan akwatin wasiƙun maƙwabci da mota,
rabin kwalba a cikina, rabi a kujerar baya.
Awa ɗari da ashirin.
Madam Okerlund ta miƙo fayil ba ta ɗago kai ba:
Cedric, shekara goma sha ɗaya,
uwa na aikin dare a asibiti,
gurbin uba an ja masa layi.

Cedric ba ya zagi.
Ina ma yana yi.
Agogo gare shi, da ɗan littafi mai bango kore
inda yake rubuta lattina.
Shi ke tuna mini in saka sulalla a mitar ajiye mota.
Ran nan ya dubi hannuna yana rawa a kan kofi,
ya ce, "Ka ci abinci yau kuwa?"
Shekarata arba'in da ɗaya.

A fim, da an ci awa guda sai kiɗa ya yi sanyi,
ƙato ya zauna a gefen titi ya gane kurensa,
ya ruga a guje, ya ba da haƙuri a bainar jama'a,
yaro ya rungume shi, sunaye su hau sama.
An gama girma ke nan,
kafin ƙanƙarar lemo ta narke.

Asabar da safe muna gindin gadar da ake ɗagawa,
iskar tafki tana yankan kunne.
Jirgin dakon tama ya shigo, dogo kamar unguwa,
Cedric ya faɗi sunansa tun ban hango rubutun ba.

"Fim ɗin ya yi daɗi?"
Na ce ba na yara ba ne.
Ya ce, "To kai wa ya bar ka ka shiga?"
Ko murmushi bai yi ba.

Jirgin ya yi ƙaho, gada ta amsa.
Cikin ƙarar ne ya tambaya, idonsa a kan ruwa:
"In awoyinka sun ƙare, za ka riƙa zuwa?"

Da a bango ne, da an rubuta mini amsa,
da goge ya tashi a hankali daga baya.
Nan sai tsuntsayen tafki suna faɗa kan guntun burodi.
Na ce, "Ina so."
Ya ce, "Ba ita na tambaya ba."

Ya buɗe koren littafi a kan gwiwa,
awa biyu, a debe minti goma sha huɗu,
ya yi lissafi da bakin fensir a haƙori.
"Saura sittin da uku.
Igiyar takalminka ta kwance, za ka faɗi."

Na durƙusa a kan siminti mai sanyi.
Ya tsaya a kaina har na ɗaure,
ya ce in ƙara ƙulli ɗaya.